Amanar Kobo: Aikin Mai Rubuta Manhajar Kwamfuta A Babban Banki

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan gari mazauna Legas ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, washegarin Babbar Sallah.

  

      

Lokacin da sakataren ƙungiya ya sanar da ni cewa ni aka ɗora wa nauyin jawabin bana, na so in zame, domin kuwa a zauren nan akwai waɗanda suka koya mini karatu da rubutu, akwai kuma waɗanda suka goya ni. Sai ya ce mini ai ba wa'azi aka ce in yi ba, cewa aka yi in faɗa wa jama'a abin da nake yi a Legas, tun da har yau babu wanda ya gane. Na ga gaskiyarsa. Mahaifiyata kanta idan aka tambaye ta, cewa take yi ina aikin banki, kuma a tunaninta wuni nake yi ina ƙirga kuɗi. Haƙiƙa tun da na fara wannan aiki ban taɓa riƙe ko naira ɗaya ta mai ajiya a hannuna ba. Aikina shi ne rubuta manhaja, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi sau da ƙafa idan wani ya tura kuɗi, ko ya cire, ko ya duba abin da ya rage masa.

Kafin in shiga cikin aikin, ya kamata mu tuna daga inda aka taso, don matasan da ke nan su san cewa abin da suke gani kamar ruwan sha jiya-jiyan nan ya zo. Iyayenmu fatake da dillalan shanu sun san zamanin da mutum zai ɗaura kuɗi a ƙugu ya hau mota zuwa kudu, iyalinsa ba su da kwanciyar hankali sai sun ji ya sauka lafiya. Sun san zamanin da za a ba ka lamba a banki ka zauna tun hantsi har la'asar. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001. A 2002 aka kafa kamfanin Interswitch, wanda ya haɗa na'urorin cirar kuɗi na bankuna daban-daban, har katin wannan banki ya riƙa aiki a na'urar wancan. A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin da ake buƙata ga kowane banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, ya kuma ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Jama'a sun ga an sauya alluna da fenti a ƙofar bankuna, amma abin da ba su gani ba shi ne wahalar haɗe littattafan bankuna uku ko huɗu ko biyar, kowanne da tsarin kwamfutarsa, su zama littafi ɗaya ba tare da kobon kowa ya salwanta ba. Wannan aiki masu irin sana'ata ne suka yi shi. Daga baya, a zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi, aka zo da lambar asusu mai alƙaluma 10 iri ɗaya ga dukkan bankuna, aka fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, aka gwada tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a farkon 2012, sannan aka ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairu na 2014.

To, mene ne ke faruwa idan ɗanka da ke Fatakwal ya turo maka kuɗin rago? Bari in ɗan tsaya a nan, domin ita ce tambayar da aka fi yi mini a duk lokacin da na zo gida, galibi cikin fushi. Da ya danna wayarsa, saƙon zai bi ta kamfanin sadarwa ya isa kwamfutar bankinsa. Bankin zai fara tambayar bankinka ko wannan lamba ta waye, shi ya sa sunanka ke fitowa kafin ya amince. Wannan tambaya ba kai-tsaye take tafiya ba, tana bi ne ta hannun wani kamfani mai suna NIBSS, mallakar bankuna da Babban Banki, wanda shi ne dillalin da ke tsakani. Idan ya amince, bankinsa zai cire kuɗin daga asusunsa, ya aika wa dillali, dillali ya isar wa bankinka, bankinka ya zuba maka, sannan ya mayar da amsa cewa ya karɓa. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Matsalar ita ce amsar nan ta ƙarshe tana iya ɓacewa a hanya. Ku ɗauka ka aiki yaro da saƙo, yaro bai dawo ba. Ya kai saƙon ne ya tsaya wasa, ko kuwa tun a hanya ya yar? Idan ka sake aika wani, wataƙila ka biya sau biyu. Idan ka yi shiru, wataƙila ba ka biya ba ko sau ɗaya. Wannan shi ne asalin "an cire kuɗin amma ba su je ba". Kuɗin ba su ɓata ba, suna rataye ne a wani asusun jiran gado, sai an gwama littafin wannan banki da na wancan kafin a san inda za a kai su. Rabin ƙwarewar mai rubuta manhajar banki ta ta'allaƙa ne ga wannan yaro da bai dawo ba.

A nan ne ni ma na taɓa yin tuntuɓe, kuma zan faɗa don matasa su ji. A shekarata ta biyu a wurin aiki aka ba ni wani ɗan gyara a manhajar da ke biyan albashin ma'aikatan wasu kamfanoni. Na rubuta cewa idan ba a sami amsa ba cikin ɗan lokaci, a sake aikawa. A ganina na yi dabara. Na manta ban sa sharaɗin a duba ko an riga an biya wannan lambar ba. An gwada, komai ya tafi daidai, saboda a ɗakin gwaji amsa ba ta makara. Ranar ƙarshen wata, layi ya cunkushe, amsoshi suka makara, manhajata ta yi abin da na umarce ta, mutane da dama suka sami albashi sau biyu. Da tsakar dare aka tashe ni. Kwana uku muka yi muna bin kuɗin nan ɗaya bayan ɗaya, wasu kuwa sun riga sun cire sun yi cefane. Ba a kore ni ba, amma an zaunar da ni na rubuta da hannuna yadda abin ya faru, aka karanta a gaban kowa. Abin da shugabana ya fi damuwa da shi shi ne yaya aka yi mutum biyu suka duba aikin kuma ya wuce su. Tun daga ranar na daina jin haushin masu duba aikina.

Kada ku ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A ranar 1 ga Agusta 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya ɗora sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutocinsa, aka sa wa guda 7 aka manta ta 8. Cikin kimanin minti 45 wannan guda ɗayar ta yi ta saye da sayarwa ba bisa ƙa'ida ba, har kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 440, bai kuma sake tsayawa da ƙafarsa ba sai da aka haɗe shi da wani. A Birtaniya, a watan Afrilu na 2018, bankin TSB ya kwashe bayanan masu ajiyarsa zuwa sabon tsari, abin ya rikice, mutane kusan miliyan 2 suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin ya sauka a wannan shekara, daga baya kuma hukuma ta ci bankin tara ta fiye da fam miliyan 48. Mu ma a nan, a 2024, wasu manyan bankunanmu sun sauya tsarinsu, kuma da yawa daga cikinku kun ɗanɗana kwanakin da aka yi ana jiran alat.

Saboda irin waɗannan ne aikin babban banki yake da nawa, kuma matashin da ya shigo da zafin kai yakan sha mamaki. Gyaran da za ka rubuta cikin sa'a guda yana iya ɗaukar mako uku kafin ya isa ga jama'a. Abokin aikinka zai duba, masu gwaji su gwada, masu tsaro su bincika, kwamiti ya zauna ya sa hannu, sannan a jira daren Asabar lokacin da mutane ke barci. Wanda ya rubuta ba shi ke ɗorawa ba, kamar yadda a banki wanda ya shigar da biya ba shi ke amincewa da shi ba. Duk abin da ka taɓa yana barin sawu, masu binciken kuɗi za su iya zuwa bayan shekaru su tambaye ka dalili. Kuma mafi yawan lokacinka ba sabon abu kake ƙirƙira ba, karanta abin da wani ya rubuta shekaru goma sha biyar da suka wuce kake yi, mutumin da ya daɗe da barin aiki, kana ƙoƙarin gane me ya sa ya yi haka kafin ka kuskura ka taɓa. A manyan bankunan Turai da Amurka har yau akwai manhajojin da ke gudana da harshen COBOL, wanda aka ƙirƙira tun 1959. Da farko na raina irin wannan tsohon aiki. Yanzu na gane cewa abin da ya shekara talatin yana rufe littafi kowane dare ba tare da kuskure ba ya cancanci a girmama shi.

Wani abin da zai ba ku dariya: kwamfuta, duk da sunan da muka ba ta na na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ta iya riƙe wasu ɓangarorin lamba daidai ba. Idan ka ce ta haɗa 0.1 da 0.2 ta hanyar da ta saba, amsar da za ta riƙe ta ɗara 0.3 da ɗan abin da ido ba ya gani. A lissafi ɗaya ba komai ba ne. A lissafi miliyan goma ya zama kuɗi. Don haka darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ya riƙa lissafi da kobo, cikakkiyar lamba. Kobo ya daɗe da ɓacewa a kasuwar garinmu, amma a wurin aikina idan littafi ya gaza da kobo ɗaya, babu mai tafiya gida.

Ya ku iyayena, akwai maganar da ta fi waɗannan muhimmanci gare mu. A sashen da nake, mu 'yan Arewa ana iya ƙirga mu da yatsun hannu ɗaya. Ban faɗi haka don in zargi kowa ba. Hedkwatocin bankuna galibi a Legas suke, kuma wanda ya nema shi ake ɗauka. Amma rashinmu a wurin yana da sakamako, kuma ku ne kuke biya. Wanda ya tsara fom ɗin buɗe asusu bai san cewa Muhammadu da Mohammed da Mamman na iya zama mutum ɗaya ba, ko Abubakar da Garba. Bai san cewa da yawanmu sunan garinmu muka ɗauka a makaranta, a katin zaɓe kuma aka rubuta sunan mahaifi ba. Bai san dattijon da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, wanda kowane ofishi ya ƙaga masa tasa. Akwai manhajojin da ke ƙin karɓar suna irin Sa'adu ko Ma'aruf saboda ɗan waƙafin da ke sama, balle ƙ da ɗ da ɓ. Manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa yakan wuni a gaban na'urar ɗaukar yatsa. Lokacin da Babban Banki ya ba da umarni a ƙarshen 2023 cewa a haɗa asusu da BVN da lambar ɗan ƙasa, wa ya fi cika layi saboda sunaye ba su dace ba? Kun fi ni sani. Irin waɗannan abubuwa a ɗakin taro ake yanke su, cikin minti biyar, kuma idan akwai mutum ɗaya a ɗakin da zai ce "ku dakata, a wurinmu ba haka ake suna ba", an rage wa dubban mutane wahala. Na taɓa faɗar haka aka saurare ni. Na kuma taɓa faɗa aka ce babu lokaci.

Haka nan abin da ya faru bayan sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 da aka sanar a watan Oktoba na 2022. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, kowa ya koma tura kuɗi ta waya a lokaci guda, mai shayi da mai kayan miya da mai awon hatsi. Nauyin ya fi ƙarfin tsarin bankuna da yawa, ga shi kuma a daidai wannan lokaci ƙwararru masu yawa sun bar ƙasar zuwa Ingila da Kanada da sauran wurare. Mu da muka rage mun kwana a ofis ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ina kallon jerin hada-hadar da ta maƙale a allon kwamfuta, ina sane cewa kowane layi mutum ne a tsaye gaban mai shago ko a bakin ɗakin magani.

Na san malamanmu suna jira su ji ko zan taɓo maganar riba. Zan taɓo, domin ita ce ta hana ni barci kafin in karɓi aikin, kuma har yau ba ta bar ni gaba ɗaya ba. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan ba da fatawa a gaban masu ita ba. Abin da zan iya faɗa shi ne gaskiyar yadda aikin yake: akwai mai rubuta manhajar da ke lissafa kuɗin ruwa a kan bashi, akwai mai rubuta ta tura kuɗi ko ta tsaron asusu, kuma a babban banki duka suna ƙarƙashin rufi ɗaya, albashinsu daga tukunya ɗaya yake fitowa. Matashin da zai shiga ya je ya zauna da malaminsa, ya bayyana masa ainihin abin da zai riƙa yi, kada ya ɓoye komai don neman amsar da yake so. Alhamdu lillahi, yanzu akwai zaɓin da ba mu da shi a da. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021, dukkansu ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kuma dukkansu suna buƙatar masu rubuta manhaja da suka fahimci murabaha da ijara. Ina kuma tuna wa kaina cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ɗora wa marubucin nauyin yin adalci.

Wannan nauyi ne ya sa nake roƙon 'yan'uwa afuwa a bainar jama'a. An sha kirana a ce in duba nawa ne a asusun wane, ko in ga ko mijin wance ya karɓi albashi, ko in taimaka a buɗe asusun marigayi ba tare da takardun kotu ba. Na ƙi, wasu kuma sun yi fushi, har aka ce Legas ta canza ni. Galibi ma ba ni da ikon ganin abin, kuma ko da ina da shi, duk leƙen da aka yi ana rubuta sunan mai yin sa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Wanda zai buɗe maka sirrin wani, gobe naka zai buɗe. Sannan ku isar wa na gida: babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta waya. Mafi yawan satar da na gani ba fasa kwamfutar banki aka yi ba, mai asusun aka yaudara ya miƙa mabuɗin da hannunsa. Tsofaffinmu da ke ba yaro kati da lamba a wurin masu POS su yi hattara.

Ga matasa, ba zan ruɗe ku ba. Aikin yana da albashi mai rufin asiri, amma da yawa ana fara ɗaukarsu ne a matsayin 'yan kwantiragi, hayar gida a Legas kuma tana cin rabonta. Akwai makon da wayarka ba ta da izinin mutuwa, ko ranar Sallah ce. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun iya rubuta umarnin da a da sai an ɗauki sabon ma'aikaci ya rubuta, don haka wanda ya haddace harshen kwamfuta kawai kasuwarsa ta ragu. Wanda ake nema shi ne mai iya karanta abin da na'ura ta rubuta ya gane inda ta yi kuskure, ya kuma yarda a rubuta sunansa a ƙasa. Hakan na buƙatar lissafi mai ƙarfi, da Turancin da za ka rubuta bayani a fahimta, da sanin yadda littafin kuɗi yake aiki. Kada kuma wani ya ce muku wannan ilimi baƙonmu ne. Kalmar da Turawa ke kiran jerin matakan lissafi da ita daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta samo asali, malamin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. 'Yan mata ma haka: cikin waɗanda suka fi iya kama kuskurena a wurin aiki akwai mata, kuma sana'a ce da ake iya yin wani ɓangare nata daga gida.

Mai girma shugaba, a nan zan miƙa roƙona ga ƙungiya. Na ji ana shawarar sayen kwamfutoci masu yawa a kai makarantar sakandarenmu. Ina goyon baya, amma ina roƙon a sauya jerin. Na ga ɗakunan kwamfuta a wurare da dama an rufe su da kwaɗo, ƙura ta lulluɓe, saboda babu wuta kuma babu malami. A fara da malamin lissafi nagari, ƙungiya ta ɗauki nauyin ƙarin alawus ɗinsa na shekara uku a rubuce, don kada ya gudu birni. Sai wutar sola da za ta riƙe ɗaki ɗaya. Sai kwamfutoci goma kacal, ko da na hannu ne, da kuɗin intanet na shekara. Sai kuma wani daga cikinmu ya riƙa bibiyar shirye-shiryen horarwa na gwamnati, irin 3MTT da aka fara a 2023, yana cike wa yaranmu fom kafin a rufe. Ni a nawa ɓangaren na ɗauki alkawarin kwamfutoci biyu, da darasin sa'a biyu ta waya kowace Asabar ga ɗalibai goman da makaranta za ta zaɓa bisa jarrabawa, ban da ɗan wane da ƙanen wane, kuma ina roƙon a sa 'yan mata aƙalla huɗu a ciki. Ina roƙon sakatare ya rubuta wannan a cikin bayanan taro, domin idan muka haɗu baɗi a tambaye ni.

 Inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci wannan gari da zuriyarsa.